Na Tsaya a Kan Casa'in da Biyar

Dubu tara da ɗari tara da casa'in da ɗaya! 9991! Har yau in na ga lambar nan sai in tuna littafin da ya kuɓuce mani. Wata Asabar ce cikin sanyin 1995 malaminmu, Mushe Isufu, ya rubuta ta a tabulo, wato allon aji. An yi mashi canjin wurin aiki zuwa Safo, ya ce littafinshi na lissafi, mai jan bango, na wanda ya gano lambar da ke raba wannan ba saura ne. Ni kuwa a satin ne Baba ya fidda ni daga lakkol, makarantar boko, don yayana ya tafi ci-rani Katsina, ba mai ban ruwa a lambunmu na bakin tabki. In ban samu littafin nan ba, karatuna ya ƙare ke nan.

Ba ni da alli, ba takarda. Jiƙaƙƙiyar ƙasar gefen fangalin albasa ce allona, karan gero alƙalamina. In ɗebo ruwa, in zuba, in tsuguna in raba. Biyu ba ta shiga, don lambar mara ce. Uku ta ƙi. Bakwai ta bar saura biyu, sha ɗaya ta bar uku. Ban san wata dabara ba, duk lambar mara sai na gwada ta, ɗaya bayan ɗaya, kuma ruwan da na zuba da hannuna shi ke shafe aikin. Yatsuna suka tsattsage, albasa ta fara yaushi. Baba ya ce, "Kai Laminu, lissafin ne zai shayar da ita?"

Ranar tafiyar Mushe na kai casa'in da biyar, ita ma ta bar saura. Sai na hango amalanken jaki ɗauke da kayanshi ya hau hanya. Na sheƙa da gudu, laka har gwiwa, ina ihu, "Mushe, ba ta rabuwa! Wallahi ba ta rabuwa!" Ya tambaye ni inda na tsaya, na faɗa mashi. Sai ya ce, "Haba Laminu, taki ɗaya ya rage maka." Mai jaki ya kaɗa, littafi ya tafi.

Na koma lambu ina kuka, na gwada casa'in da bakwai. Ɗari da uku, cif, ba saura! Ba wanda zan nuna ma.

Ku duba abin mamaki: dubu goma ce ba tara, wato ɗari sau ɗari a cire uku sau uku. To ɗari ba uku, sau ɗari da uku, shi ke nan! Sai da na girma na gano wannan da kaina, a tsofaffin littattafan da nake arowa. Yau yaran Madarumfa waya suke latsawa, amsa ta fito kafin su ƙifta ido. Ni dai ina kewar lokacin da lamba ɗaya ke iya hana ni cin tuwo.

Ku fa, wace lamba ce ta taɓa tsaya maku a wuya? Ku ba ni labari.