Sarkin da Kakana Bai Narkar Ba

Ƙarar azurfa ba ta kama da ta kowane ƙarfe. Na ji ta a wani lungu na unguwar Deira a Dubai, ina tura amalanken kaya zuwa ofishin kago. Wani dattijo Balarabe ne ya saki tsohon kuɗi a kan gilashin kantinsa. Na tsaya.

Kakana maƙerin fari ne. Bayan girbi, idan biki ya yawaita, mata kan kawo tsofaffin kuɗin azurfa da suka gada, irin waɗanda fatake suka shigo da su ta hamada, a narkar musu a yi zobe da awarwaro. Ni ke jan zugazugi. Har yau ina jin warin gawayi da zafin da ke taɓa ƙwauri.

Yana da al'ada guda. Ba ya jefa kuɗi a wuta sai ya karanta sunan sarkin da ke jiki, ya ce Allah ya jiƙansa. Ya ce mutumin nan ya yi mulki, an yi masa fadanci, yau sunansa kaɗai ya rage, shi ma ga shi za a goge.

Akwai wani kuɗi ƙarami, siriri kamar ganyen magarya, mai rubutu tsaye-tsaye babu ɗigo. Ya kasa karanta shi. Ya kai wa liman, ya kai wa malamin zaure, kowa ya juya shi ya mayar. Sai ya ba matar da ta kawo shi azurfarsa ta kansa, ya ƙulle wannan a tsumma.

"Ba na ƙona mutumin da ban san sunansa ba," in ji shi. "Kai raggo, in ka yi karatu ka zo ka gaya mini. Ko da yake kan nan naka kamar uwar maƙera yake."

Ban yi karatun ba. Sai yanzu, da furfura, wani ɗalibi ɗan garinmu yake koya mini baƙaƙe ranar hutu. Kakana ya rasu, ƙullin ya zo hannuna, yana cikin jakar fasfo ɗina.

Washegari na kai wa dattijon nan. Tara irin waɗannan kuɗi ne sana'arsa, kowanne a ɗan aljihun leda. Ya sa madubi a ido, bai daɗe ba ya faɗi sunan. Ya ce sarki ne na gabas, ya hau yana yaro, 'yan'uwansa suka tuɓe shi. Sannan ya jawo faranti cike da irinsa.

"Habibi, wannan da yawa," ya ce.

Na jira in ji wani abu a ƙirjina. Ban ji ba. Na sa ya maimaita sunan har na riƙe, na ce Allah ya jiƙansa, na koma bakin aiki.

Da la'asar na buga wa gwaggona waya, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakana. Maƙerar yanzu shagon cajin waya ce, matan unguwar kuma gwal ɗin Dubai suke so. Na ce mata an samo sunan sarkin nan.

Ta ce, "Wane sarki, ɗan nan?"