Bututun Gwaggo

Gwaggo yayar mahaifina ce, mutuniyar Zurmi, mai sana'ar fura. Da abinci ya fara tsaya mata a wuya ba ta gaya wa kowa ba. Sai da ta rame, koko ma ya daina wucewa, sannan Baba ya ɗauko ta zuwa gidanmu a Kaura Namoda, jinyarta ta dawo hannuna.

A babban asibiti likita ya ce ƙari ne ya toshe hanyar abinci, kuma ya wuce a yanke shi. Suka sa mata wani ɗan bututun waya, saƙaƙƙe kamar raga, don ya buɗe hanyar. Ranar da kunu ya fara wucewa, dariya ta yi har da hawaye.

Daɗin bai daɗe ba. Ƙirjinta ya riƙa ciwo, in ta kwanta kuma ruwa mai tsami ya taso mata har baki, shi ya sa a jingine take barci. Duk abin da za ta sha sai na dama na tace.

Da babbar salla ina wanke-wanke na ji tana kakari. Na iske yawu na zuba daga bakinta. Ashe tsoka guda ta ɗauka a kwanon Baba.

"Gwaggo, me ya kai ki?"

Da ƙyar ta ce, "Ɗiyata, ɗanɗano kawai nika so."

Muka koma asibiti. Da tiyo mai kyamara suka ciro naman, a nan ne suka ga bututun ya zame ƙasa, ƙarin kuma ya rufe samansa.

Likita ya ce, "Mama, za mu iya sa miki wani."

Ta girgiza kai. "Wanga ya ishe ni. Ku maishe ni gida."

Baba bai yi musu ba, ya mayar da ita gida. Na bi ta Zurmi. Da cokali nake ba ta ruwan kunu, daga baya sai dai in jiƙa auduga in shafa mata a leɓe. Maƙwabta kan zo da hantsi su zauna suna tsinkar zogale, suna yi mata hira, tana gyara musu labari idan sun karkata.

Wata ranar Alhamis, gero ya fara fitar da kai, ta cika, kanta a cinyata.