Gidan Zanzaro a Cikin Turmi

Me ya sa Malam ya ce in shiga motar ranar nan? Fiye da shekara arba'in muna zaune tare a Azare, bai taɓa cewa in raka shi wurin aiki ba sai wannan Talatar. Ban tambaye shi dalili ba lokacin da yake da bakin ba ni amsa. 'Yata, wadda ke rubuta wannan magana tawa domin ni ban yi boko ba, ita ma ta ce ba ta sani ba. Idan kuka ya zo mini takan ajiye biro ta jira. Amma yawancin abin da zan faɗa na murna ne, kuma da murna nake son a karanta shi.

Mijina malamin gona ne. Bayan ya yi ritaya sai wata ƙungiya mai kai tallafin abinci ƙauyukan Katagum ta ɗauke shi aiki. Ba shi ke rabo ba. Shi ne shugaban masu bin sawu. Yakan tura ma'aikatansa da wayoyi masu faɗi su yi wa mutane tambayoyi, ya tattara amsoshin, ya rubuta rahoto, ya ce ga inda aka yi daidai, ga inda za a gyara. Da rahotonsa ake sanin ƙauyen da za a ci gaba da kai wa gero da wake da mai, da wanda za a ce ya farfaɗo a cire shi daga rabo. Yana da taswira manne a bangon ɗakinsa, kowane ƙauye da launinsa. Ja yunwa, ruwan ɗorawa dama-dama, kore lafiya. Iyakar karatun da na iya a duniya ke nan. Abin alfaharinsa kuwa ɗaya ne, yakan ce tun da ya fara aiki ba a taɓa dawo masa da rahoto a ce ya sake ba.

A shekarar da nake magana, damina ta sauka, an yi shuka, rumbuna sun yi ƙasa. Ran Litinin ina tsintar shinkafa a bakin ƙofarsa na ga ya ɗauki koren alƙalami ya shafe wani ɗan ƙauye da ke bayan Chinade. Fuskarsa cike da fara'a ya ce mini mutanen nan sun tsira, magidanta sun shaida wa ma'aikatansa sau uku ake ɗora tukunya a gidajensu. Ya riga ya sa hannu, ran Juma'a za a aika da rahoton, daga nan motar hatsi ba za ta ƙara zuwa can ba, za a juya ta inda aka fi bukata. Gobe zai je ya yi musu sallama da bakinsa.

Da gari ya waye, yana ɗaura agogo, sai kawai ya ce, "Hajiya, ɗauko mayafinki."

Ban tsaya jin ƙarin bayani ba. Na canza zane har sau biyu. Farar mota ce doguwa, sai da direba ya kawo mini ɗan benci na taka. Sanyin na'urar motar ya shiga gwiwoyina, na ce a kashe a buɗe mini taga, Malam yana dariya yana cewa an ɗauko baƙauya daga tsakiyar birni. Babura suna ta wuce mu da kaya zuwa Azare, gero ya fito ya kai tsawon yatsa, ƙasa tana ƙamshin ruwa. Na riƙa nuna gonaki ina faɗin wadda aka yi wa noman fari da wadda aka yi wa ha'inci, kamar ni ce malamar gonar.

Mai unguwa ya san da zuwanmu tun jiya. An share gindin tsamiya, an shimfiɗa tabarmi, an kawo fura a sabuwar ƙwarya. Hayaƙi yana tashi daga kowane gida. Malam ya nuna mini shi da haɓa, wato in ga aikinsu da idona. Maza suka zauna, ni kuwa na shige cikin gida wurin mata, na gaishe su da Fulatanci, harshen mahaifiyata, nan da nan suka saki jiki.

Matar gidan farko ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta yi wanka, ta sa kwalli, an shafa wa yara mai. Tukunya tana tafasa a murhu, a rufe. Muka gaisa muka ƙara gaisawa. Da zan tashi, gwiwa ta ƙi, na dafa turmin da ke kwance a jikin zana, hannuna ya zame ciki ya taɓa wani abu mai tauri. Na sunkuya na leƙa. Gidan zanzaro ne, na laka, ya bushe ƙamas, ɗaki uku a jere can a gindin turmin, daidai inda taɓarya ke sauka. Zanzaro ba ya gama irin wannan gini a kwana ɗaya ko biyu, kuma bugu ɗaya ya isa ya rushe shi. Na dubi taɓaryar, gara ta fara hawa ƙasanta. Na dubi tsakar gidan, babu dusa, babu kaza ko ɗaya mai tono.

Na ce ina son in gaida maƙwabta. Gida-gida na bi, ina gaisuwa ina satar kallon turmi. Wani yanar gizo, wani zanzaro, wani an kife shi har ciyawa ta tsiro a gefensa. A gida biyu kaɗai na shafa na ji gari a yatsana.

Na koma wurin matar farko na zauna kusa da murhu. Ban tambaye ta ko sun ci ba, ba a yi wa mace wannan tambaya a gidan mijinta. Cewa na yi har yanzu ƙamshin miyarta bai iso ni ba, bari in taya ta dubawa. Na ɗaga murfin. Ruwa ne da 'yan ganyen tafasa suna juyawa. Ta sunkuyar da kai ta gaya mini a hankali cewa an ce baƙi za su zo, kowace ta hura wuta kada a kunyata gari. Furar da maza ke sha a waje, tafi-tafi aka tara geronta. Mazansu kuwa ba za su iya cewa gidansu ya kwana ba wuta a gaban mai unguwa da baƙin maza ba.

"Inna, ki rufa mana asiri," in ji ta.

Na ce mata ba wanda zai ji sunanta daga bakina, maganar turmi kawai zan yi. Na sa farce na ɓamɓaro gidan zanzaron na ƙulle a gefen mayafina.

A mota na ƙosa in yi magana, amma na daure har muka wuce Chinade. Sannan na kwance ƙullin na ɗora masa abin a tafin hannu, na gaya masa inda na samo shi da abin da ke cikin tukunya. Ya tambaye ni gida nawa na shiga, na lissafa masa da yatsu. Ya ce direba ya tsaya. Ya sauka ya tsaya a bakin wata gona, ya daɗe yana kallon shuka, hannunsa a rufe. Da ya dawo ya zauna, abin da ya fara faɗa shi ne, "Ludayi huɗu na sha na furar nan. Hatsin yaran na sha."

Laraba ta yi masa nauyi. Wani abokinsa da suka yi aikin gona tare ya zo ya ba shi shawara ya bar rahoton ya tafi, tun da ya sa hannu, in an koma zagaye na gaba bayan wata uku sai ya gyara a hankali ba wanda ya sani. Ina daga madafa ina jinsu. Malam ya ce wata ukun nan su ne watannin da hatsin gona bai nuna ba, na rumbu kuma ya ƙare, wa za a tarar a gyara wa? Ya ɗauki waya ya kira shugabarsu a Bauchi ya roƙe ta ta zo gobe. Sannan ya leƙo madafa ya ce in shirya, ni zan yi bayani.

Ranar Alhamis na sa atamfar da nake ajiye wa biki. A ofishinsu aka ba ni wata kujera mai juyawa, ina zama ta yi gefe da ni, na riƙe teburi da hannu biyu, kowa ya yi dariya har da ni. Malam ya miƙe a gaban mutanen da yake shugabanta ya ce rahoton da ya sa wa hannu ba daidai ba ne, kuma kuskuren nasa ne, ba na waɗanda ya aika ba. Shi ya tsara a aika da saƙo kafin a je, shi ya tura maza su tambayi maza a gindin bishiya gaban mai unguwa. Na ga zufa a wuyan rigarsa. Ya ajiye gidan zanzaron a tsakiyar teburi ya ce matarsa za ta faɗi sauran.

Na yi bayani, yana juya wa shugabar da Turanci. Mataimakinsa, magidanci ne ɗan 'yan kasuwar kudu da aka haifa a nan Azare, Hausa a bakinsa kamar tamu, ya ce cikin ladabi, "Mama, ai yanzu inji ake kai hatsi. Wataƙila shi ya sa turmin ya huta."

Na ce, "Ɗana, niƙa ake kai wa inji. Surfen fa, a can wa zai yi musu? Daddawa da barkono kuma da haƙori ake daka su a gidanku?"

Ɗakin ya kaure da dariya, shi ma ya ɗaga hannu biyu ya ce ya sallama. Shugabar ta ɗauki gidan zanzaron tana juya shi, ta ɗauke shi hoto ta kowane gefe. Ta ce a riƙe rahoton mako guda, a sake zagayawa, kuma wannan karon mata za su shiga gidaje.

To wa zai koya musu? Ni. Mata shida, duk sun yi karatu mai zurfi, suka zauna a gabana a inuwar darbejiyar ofis suna danna abin da nake faɗa a waya. Na ce kada a aika cewa ana zuwa. In kun shiga ku daɗe kuna gaisuwa, ku roƙi ruwan sha. Ku shafa cikin turmi. Ku duba tokar murhu, ta yau ce kaɗai ko ta taru. Ku dubi inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, in an ci tuwo kaji da ƙudaje sun sani. Kada ku tambayi mace komai a gaban surukarta. Suna ce mini Malama. A gida kuwa Malam ya laƙaba mini Farfesa, ko ruwa zai roƙa sai ya ce a gaya wa Farfesa in ta sami sarari. Kwana biyar suna yawo, suka dawo da labarin ƙauyen nan da wasu biyu irinsa. Da yammar da aka kammala, ya kira ni gaban taswira ya miƙo mini jan alƙalami, ya nuna wurin da yatsa. Ranar na fara riƙe alƙalami a rayuwata. Na shafa har na fita layi na ci wani ƙauyen da ba ruwansa, ya ce in tsaya haka kada in jefa ƙasar Katagum duka cikin yunwa.

Motar hatsi ta tafi. A makon ne ƙafafun Malam suka fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya, likita ya ce ya kwanta a gida. Bayan mako biyu matan nan shida za su koma su ga ko hatsin ya shiga tukunya. Ya ce in bi su. Na ƙi, na ce ba zan bar shi ba, ya ce 'yarmu tana nan, kuma shi ba zai yarda da abin da waya ta faɗa ba sai ya ji daga bakina. Na tafi da hantsi.

Tun kafin mu ga rufin gidaje muka jiyo shi. Na ce direba ya kashe mota. Lugude ne, taɓarya uku a turmi ɗaya, ana tafi a tsakani, daga wani gidan kuma ana amsawa. Ban jira benci ba, na sauko. Matar gidan farkon nan ta gan ni ta saki taɓarya ta rungume ni, na karɓi taɓaryar na shiga layi, ni da gwiwoyina, na buga har goma kafin numfashi ya ƙare mini, mata suna guɗa. Na zura hannu cikin turmin nan na shafo, tafina ya fito fari fat. Na ɗebi dusa na ƙulle a gefen mayafi, daidai inda na ƙulle gidan zanzaro, na ce ba zan wanke hannun ba sai ya gani.

Muna cikin haka wayar direba ta yi ƙara. Ya koma bayan mota ya amsa, ya dawo ya ce mu tafi, hadari yana haɗowa. Na dubi sama ban ga komai ba, amma ban kawo komai a raina ba. Duk hanya ni kaɗai nake surutu, ina tsara yadda zan ba Malam labari, in fara da sautin ko in fara da nuna masa hannu. Matan da ke bayana suna ta kallon waje, na ɗauka gajiya ce. Da muka shigo layinmu da la'asar na ga tabarmi a ƙofar gida da takalma birjik.

An jira ni kafin a ɗauki gawar Malam. Na shiga da garin a hannuna. Ƙullin dusar yana nan a ƙasan akwatina, ban kwance ba.

Da safen ranar, da zan tafi ƙauyen, na riga na kai bakin ƙofa da mayafina, ya kira ni na juyo. Ya ɗaga kai daga matashi yana murmushi ya ce, "Farfesa, ki shafo mini turmin da hannunki. Kada ki tsaya hira, ki dawo ki gaya mini."