Saƙon Muryar Da Ya Tara Mini Jama'a A Ƙofar Injin

Ranar da na buɗe injin casar shinkafa a Gashua ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yau in na ji hayaniyar taro, sai gabana ya faɗi.

Niyyata ita ce in gayyaci dillalan shinkafa da manoman fadama da muke hulɗa da su, kamar mutum arba'in, a yi addu'a a ci abinci. Manya na kai musu kati har gida. Sauran kuwa na ga waya ta fi sauƙi, sai na naɗi murya na tura zauren 'yan kasuwa na ce, "Asabar da hantsi za mu buɗe injin. Kowa ya zo, akwai shinkafa, babu wanda zai rasa." Dafaffiya nake nufi. Ban tuna cewa a wannan shekarar ambaliya ta cinye gonakin mutane ba, ban kuma san saƙon ya tsallaka wasu wayoyi har Nguru ba.

Da hantsi muna cikin harabar injin, ni da mahaifina da limamin unguwa da baƙi, sai motoci suka fara sauke mutane daga Jajimaji da Karasuwa, yawancinsu mata, kowacce da buhu a naɗe. Ashe labarin da ya bazu shi ne za a raba shinkafa kyauta. Kafin mu ankara titi ya cika. Muka rufe ƙofar ƙarfe, na baya suna turo na gaba, ƙofar tana lanƙwasowa.

Mahaifina ya kama hannuna ya ce, "Kai, me ka faɗa wa bayin Allahn nan?"

Ta tsakanin ƙarafan na hango wata mai goyo an matse ta, ta buɗe baki amma murya ba ta fita. Wani dattijo ya zare jaririn ya ɗaga shi sama, aka miƙo mana ta kan katanga. Ita kuwa ta sulale. A raina na ce shi ke nan, na kashe rai da bakina.

Liman ne ya karɓi lasifika ya hau kan buhuna. "Don girman Allah ku ja baya, mace ta faɗi!" Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Badanci, yaren mutanen yankin. Da ƙyar aka samu sarari aka ɗauke ta zuwa asibiti. Sannan ya miƙo mini lasifikar ya ce, "Alhaji, faɗa musu gaskiya da bakinka."

Na faɗa musu cewa dafaffiya nake nufi, babu rabon shinkafa. Na zaci jifa za su yi. Sai suka fara watsewa shiru. Wata tsohuwa ta matso ta ce, "Ɗan nan, tun asuba na baro Jajimaji, jikokina suna can suna jira." Na cika mata buhunta ban iya kallon idonta ba.

Mai goyon ta farfaɗo da la'asar, sai a lokacin na iya zama.

Abin da na koya shi ne, gayyata ba a sake ta ga iska. A san wa ake kira, a faɗa masa abin da zai tarar dalla-dalla, domin mai yunwa yana jin magana ne da cikinsa.