Jiƙon Yaya da Hantar Maigida

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da kakar da aka yi wa maigidana aikin hanta ba, da yadda masu ƙaunarsa suka kusa ƙarasa abin da ciwon ya kasa.

Ciwon daji ne ya kama shi a hanji, daga baya ya haura hanta. Mun yi watanni muna zirga-zirga daga ƙauyenmu na gefen Ɗambatta zuwa Kano, ana ɗaura masa ruwan nan da suke kira kemo. Ruwan ya rage ƙullutun, amma ya bar hantar a galabaice. Likitar, wata doguwar mata marar yawan magana, ta zaunar da mu ta ce bayan an yanke wajen da ya lalace, ragowar hantar za ta daɗe ba ta murmure ba. Ta ja mana kunne cewa duk abin da ba su suka ba shi ba, kada ya shiga bakinsa da sunan magani.

Ba su farka cikinsa ba. 'Yan ƙofofi suka huda, suka zura kayan aikinsu ta nan, suka gama. Ni na ɗauka abin godiya ne, ashe shi zai ja mana.

Muna dawowa aka fara dubiya. Yayan maigida, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya shigo har ɗaka ya ce a ɗaga riga ya ga aikin. Ya duba, ya ƙara dubawa, ya taɓe baki.

"Wannan ne aikin? Ai wanzami in ya yi mini ƙaho ya fi haka tsagawa."

Kafin la'asar magana ta karaɗe gari cewa likitocin Kano ba su yi komai ba, filasta kawai suka liƙa masa suka sallame mu. A wajen mutanenmu, aikin da bai bar ɗinki daga ƙirji zuwa mara ba, ba aiki ba ne. Da yake kuma idonsa da ɗan rawaya, nan take aka yanke hukunci cewa ciwon shawara ne, kuma ka san babu gidan da babu gwanin shawara.

Gwaggonsa ta kawo sassaƙe. Maƙwabci ya kawo saiwa. Yaya kuwa ya je kasuwa wurin mai magani da lasifika, ya dawo da jiƙo cike da galan, baƙi ƙirin. Kowa ya kawo nasa sai ya zauna ya ga an sha, don kada a raina masa ƙoƙari. Maigida kuma mutum ne da ba ya iya cewa a'a ga wanda ya girme shi ko da wata guda. In na tuna masa maganar likita, sai ya ce mini Yaya ne fa. In na yi magana a gaban mutane, a ce matar nan tun da ta kwana a asibitin birni ta zama likita. Takaici ya ishe ni, na yi ta haɗiyewa.

Ba a daɗe ba idonsa ya koma kamar gwaiduwa, cikinsa ya kumbura, ya fara kirana da sunan ƙanwarsa. Muka kwasa muka koma Kano. Likitar ta tambaye ni me ya sha, na lissafa mata har ta ɗaga hannu. Ta ce hantar da ta rage masa kaɗan ce, kuma ba shi da wata. In aka sake, kada mu wahalar da kanmu da mota. Ranar na yi kuka sosai.

Allah ya sa ya farfaɗo. Muna isowa gida sai ga Yaya da sabon galan, wai ai ga shi nan asibiti ya kasa, dama bai sha na farkon yadda ya kamata ba. Na tare shi a tsakar gida, na durƙusa na gaishe shi kamar kullum. Na ɗauko kofi na cika daga galan ɗinsa, na miƙa masa hannu biyu.

"Yaya, yanzu a gidan nan mai kawo magani shi ke fara sha. Bismillah."

Ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Na ce ai shi ya sa, mai lafiya zai fi jurewa. Matan gida duk sun bar daka sun zuba ido, girma kuma ya hana shi ja da baya. Ya kafa kai ya shanye. Ranar ba a ga Yaya a sahun azahar ba, ba a gan shi a na la'asar ba. Masu dawowa daga gona ne suka ce sun hango shi yana sintiri a cikin karan dawa, riƙe da buta.

Daga ranar dubiya ta koma addu'a da lemo. Maigida ya ci gaba da zuwa awo, hanta ta riƙa cikowa a hankali, damina ta gaba ya riƙe fartanya. Yaya har yau gaisuwata da hanci yake amsawa, kuma yana gaya wa mutane a bakin masallaci cewa jiƙonsa ne ya tashi ƙaninsa.

Abin da na koya shi ne, marar lafiya yana bukatar mutum ɗaya a gida da ya yarda a kira shi marar kunya. A gidanmu ni ce, kuma har yanzu ina da miji.