Damin da na kai gaban Ubangiji

A ƙauyenmu, kusa da Tajaye, mu Kirista ba mu da yawa. Majami'armu ɗaki ɗaya ce ta laka mai rufin kwano, kuma in ana neman wanda zai yi addu'a, ni ake kira. Ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ina da murya. Na san inda zan ɗaga ta, na san inda zan sassauta har mata su fara share hawaye da bakin zane. Nakan bar ido ɗaya a ɗan buɗe don in ga wanda abin ya taɓa. A gida kuwa ba na addu'a sai ta abinci, ita ma in akwai baƙo.

Bayan kaka muna da Lahadin godiya. Kowane gida yakan kawo damin hatsi a ajiye a gaba, daga baya dattawa su raba wa marasa ƙarfi.

Wata shekara ruwa ya dawo bayan na yi girbi. Zangarniyar da ke gefen kwari ta kwana cikin laima har ta yi baƙi da funfuna, tana wari kamar tsumman da aka manta a gindin randa. Jakina ya shinshina ya kau da kai. Ita na tattara na jera a tsakiya, na kewaye ta da dogayen zangarniyar tudu masu cikar ido, na tura baƙaƙen can ciki yadda ko bakinsu ba ya leƙowa.

Matata na tsaye da taɓarya a hannu tana kallona.

“Maigida, wanga damin na wa ne?”

“Na Ubangiji.”

“Shi Ubangijin ba ya da hanci?”

Na ce ta kula da turminta.

Na ɗaure shi da ɗaurin da na iya. Wani dattijo ne ya koya mini, wanda na yi ƙwadago a gonarsa ina saurayi, kuma ta bakinsa na fara jin bishara. Yakan ninka bakin igiyar ya cusa ƙasa, ya bar wani ɗan kunne a tsaye kamar na zomo. Ya rasu ya bar matarsa, tsohuwa, kuma duk garin ba mai irin wannan ɗaurin sai ni.

Ina da amalanke, amma a kai na ɗauki damin, na bi ta tsakiyar gari. Ya fi na kowa girma. Ni na yi addu'a a kan baikon, na yi ta da tsawo, har fasto ya riƙe hannuna da hannu biyu. Daga nan na tafi Badaguishiri aikin albasa, na manta da zancen.

Da na dawo fasto ya ce tsohuwar nan, matar marigayi dattijon, ba ta da lafiya, ciki ya matsa mata, in je in yi mata addu'a. Na same ta zaune a tabarma, ta rame, wuyanta duk jijiya.

“Inna, ya jikin?”

“Da sauƙi, ɗana. Cikin ne dai ya ƙi zama. Ga fura can, jawo ka sha, ka sha rana.”

Ina ɗaga faifan warin ya buge ni. Na san shi. Furar ta yi toka-toka, da wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo a sama. Na ɗaga kai don in kauce wa warin, sai na ga igiyata rataye a ƙusa, an yanke ta daga baya, ɗan kunnen zomon yana nan ba a kwance ba.

“Da dattawa suka ce in zaɓa, ban duba girma ba,” in ji ta. “Ɗaurin babanka, maigidana, na gani. Na ce wanga hannun na san shi.” Ta nuna ƙwaryar da haɓa. “Sha mana. Ko tana da wani abu?”

Na kafa baki. Ɗaci da tsami da wani yauƙi suka manne mini a maƙogwaro.

“Ni kam na saba. In ka toshe hanci tana wucewa. To, yi mini addu'ar da aka aiko ka.”

Na rufe ido na buɗe baki, sai muryar nan ta fito, mai daɗi, mai rawa, kamar ba abin da ya faru. Ta san hanyarta ba sai da ni ba. Ina jin ta tana kiran Uba mai ciyar da gwauraye, ga ɗanɗanon ruɓaɓɓen hatsina a kan harshen da ke faɗin haka. Ban kai ƙarshe ba. Na ruga bayan zana na yi amai har idona ya yi ruwa.

“In ka gama ka rufe da ƙasa,” ta ce daga ciki. “Kaji na nan.”

Na dawo na durƙusa na gaya mata da hannuna na jera shi, da sanina.

“Na sani tun ranar da na yanke igiyar.”

“Inna, don me ba ki aiko an kira ni ba?”

“Na ɗauka kai da Shi kuna magana. Kullum ina jin ka a majami'a. Na ce in dai kuna magana, zai gaya maka.”

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma ta zage ni. A nan na gane cewa tun rasuwar mijinta ban taɓa yi wa Allah magana ba. Mutane nake yi wa, da sunansa. Ban taɓa yin shiru a gabansa ba balle ya gaya mini wani abu.

Na ɗebo hatsi mai kyau daga rumbuna na kai mata a amalanke ta hanyar bayan gari, na kwaso sauran ruɓaɓɓen na zubar a kwarin da ya fito. Na gaya wa fasto, na roƙe shi ya daina kirana yin addu'a. Ya ce tun da Allah ya gafarta, me zai hana? Na ce ni ne ban yarda da bakina ba tukuna.

A kwarin nan na fara gwada addu'a ni kaɗai. Abin kunya, ko da ba kowa sai na ji ina gyara murya, ina zaɓen kalmomi, har ina tunanin yadda zan ba da labarin tubana wata Lahadi mutane su yi kuka. Na tofar da yawu. Na zauna shiru a kan kunyar gona, ƙudaje na bin tarin hatsin. Can na ce, “Ubangiji, ni ne mai damin.” Ban sami abin ƙarawa ba, kuma ban ƙara ba. Wannan ce addu'ar farko da na san ya ji daga gare ni.

Tsohuwar ta warke a hankali. Tana amsa gaisuwata, tana kirana ɗanta, amma ba ta sake cewa in yi mata addu'a ba, igiyar kuma tana nan a ƙusa.

Har yanzu ina zuwa kwarin. Yawanci shiru nake yi, ina jira. Wani lokaci sai in tuna wani abin da na tura tsakiya na rufe da mai kyau, in fito da shi in faɗa masa, da wannan muryar tawa ta gida, mara daɗi.

Bana da na jera damin godiya, matata ta zo ta cusa hannunta har gwiwa cikin tsakiyarsa, ta zaro zangarniya ta shinshina. Ban ce ta kula da turminta ba. Na riƙe igiyar na jira ta gama.