Da Rabi'atu ta daina nishi

Malama Adawiyya Mansur ta yi shekara ashirin da shida tana koyar da motsa jiki a wata makarantar 'yan mata a Malumfashi, kafin a cire mata mama ɗaya a Zariya saboda ciwon daji. A can wata ma'aikaciyar jinya ta koya mata yadda za ta zauna ta miƙe baya, ta ja numfashi a hankali, ta tattara hankalinta a kansa har raɗaɗin ya lafa. Yoga sunan abin. Adawiyya ba ta taho da sunan gida ba, don a fim ɗin Indiya mutane suka san shi, za su ce bautar gunki ce. "Zaman numfashi" take kiransa.

Duk Litinin da Alhamis bayan la'asar, mata masu irin ciwonta kan taru a tsakar gidanta bisa tabarmi. Kullum tana faɗa musu cewa wannan ba magani ba ne, maganin yana asibiti.

Cikinsu akwai Rabi'atu, matar wani manomin masara mai suna Ɗanasabe, daga wani ƙauye a hanyar Funtua. Duk bayan mako uku mijin kan kai ta Zariya a yi mata ƙarin ruwan magani. Da farko nishinta kan hana gidan sakat. Wata biyu da fara zaman, ta iya. Idan ciwon ya taso sai ta jingina da bango ta rufe ido, ba mai jin ko tarinta.

Kaka ta zo, ranar komawa asibiti ta wuce, ba a je ba. Adawiyya ta hau keke napep ta sami Ɗanasabe a gona ana karyar masara.

"Malam Ɗanasabe, katinta ya ce ranar Talata. Yau Asabar."

Ya yi dariya yana share gumi. "Malama, ai kin gama mana aikin. Da can ko akuyar gidan ba ta runtsawa. Yanzu shiru kake ji. Ruwan nan kuwa amai yake sa ta, gashinta duk ya zube."

"Ciwon yana nan. Ɗaukarsa kawai ta koya."

"To ta ɗan ƙara ɗauka mu kai amfanin nan gida. Kin san abin da ɓarayi ke yi wa gonar da aka bari."

Bayan masara aka shiga waken suya, bayansa dawa. Rabi'atu ba ta ce masa komai ba, don ba a saba mace ta tayar da miji daga gona saboda jikinta ba. Da aka kai ta a watan Janairu, likita ya ce ciwon ya kama ƙashi. Ta rasu kafin azumi. A wurin gaisuwa Ɗanasabe ya gode wa Adawiyya a gaban mutane, ya ce matarsa ta tafi ba tare da wahala ba.

Adawiyya ta rufe zaman wata biyu. Matan suka yi ta aike, ta sake shimfiɗa tabarmi. Darasin bai canza ba, sai abu ɗaya da ta ƙara a ƙarshe. Ran nan aka ji tana faɗa wa wata sabuwar zuwa:

"Numfashin nan naki ne, ki yi shi ke kaɗai a ɗaki. In maigida ya shigo, ki yi nishi ya ji."